Goshin Alhaji Garba

Duk shekara in an turo mana ɗalibai su koyi aikin jinya, sai in ga fuskokinsu sun washe in aka ce an haɗa su da ni. Tun daga makaranta suke jin labari cewa aikin Sista Asabe ba wahala, ba jini, ba allura, ba tsayuwar ɗakin tiyata, sai dai a riƙe hannun tsoho a zaga da shi baranda. Wata yarinya ma a gabana ta ce ai ko ƙanwarta da ke firamare za ta iya. Ban yi fushi ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan lokacin ina kamarta. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Aikina shi ne tayar da tsofaffin da aka tsaga wa ƙirji aka sauya musu ƙofar zuciya. Zuciya tana da 'yan ƙofofi da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. In shekaru suka yi nisa, wata ƙofar takan ƙanƙance ta yi tauri, sai mutum ya fara haki daga ɗaki zuwa bayi, ƙafa ta kumbura, in ya sunkuya ya ga duhu. Likitoci sukan cire ta su sa wata, ko ta ƙarfe ko wadda aka yi da fatar zuciyar saniya. Direbobi da makanikai bawul suke ce mata, kuma sun fi kowa saurin ganewa. Ana yin aikin a nesa, wasu Abuja, wasu har ƙasar waje, sannan a dawo mana da mutum Kaduna da ɗinki tun daga wuya har saman ciki, ƙashin ƙirjinsa an ɗaure da waya. Daga nan likita ya gama nasa, nawa ya fara.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai abin sauraren ƙirji, akwai gorar ruwa da siririn tiyo da mutum zai riƙa hurawa ruwan yana ɓulɓul don huhu ya buɗe, sai kuma ɗan matashi mai tauri da nake sa tela ya ɗinka min a unguwar Abakpa. Matashin nan shi ne babba. Wanda aka tsaga wa ƙirji tsoron tari yake, gani yake in ya yi ɗinkin zai farke. In kuwa bai yi ba, majina ta kwanta a huhu, zazzaɓi ya biyo baya, kuma wannan ya fi wuƙar likita kashe tsofaffi. To in ya rungume matashin ya matse a ƙirji, sai ya samu ƙarfin halin yin tarin.

Wadda ta koya min ita ce Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, gajeriya mai murya kamar ta soja. Ranar da aka kai ni wurinta ba ta nuna min majinyaci ko ɗaya ba. Gado ta nuna min ta ce in kwanta, ta ɗora min matashi a ƙirji, ta ce in tashi zaune ba tare da na dafa komai ba. Na yi ta mutsu-mutsu, masu shara suna dariya. Sai da na galabaita sannan ta nuna min yadda ake yi: a mirgina gefe, a zuro ƙafafu ƙasa, nauyinsu ya ɗago mutum. Ta ce duk abin da ban gwada a jikina ba kada in sa tsoho ya yi. A wancan zamanin ba mu da na'urorin da ku ɗaliban yanzu kuke maƙalawa a yatsa. Tafiya muke da mutum a doguwar barandar asibitinmu mai bishiyoyin mangwaro, muna jan shi da hira. In yana iya ƙarasa magana, a ci gaba. In maganar ta fara yankewa, a zauna. Ina kewar barandar nan, ina kuma kewar matar, Allah ya sani.

Mutane sukan tambaye ni ko aikin nan yana da amfani ga wanda ya haura saba'in. Abin da idona ya gani shi ne, ba shekarun ba ne kaɗai ke yanke hukunci. Na ga tsohuwa tukuf da ta koma surfe da zuwa biki, na kuma ga wanda bai kai ta shekaru ba ya tashi daga tiyata da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya je da ƙwarinsa, yana ci yana takawa, ƙodarsa lafiya, ya fi dawowa da kyau. Wanda aka yi ta ja-in-ja a kansa har zuciyar ta gaji, nasa ya fi wuya. Masu bawul na ƙarfe kuwa, in ɗaki ya yi shiru za ka ji ƙirjinsu na ƙas-ƙas kamar agogo, kuma maganin tsinka jini ya zama abokin zamansu har abada. Wani dattijo a Mando sai da na yi da gaske kafin ya haƙura da ƙahon da wanzaminsa ya saba yi masa duk bazara, don jinin ba zai tsaya ba. Amma abin da ya fi ba ni wahala duk tsawon aikina ba ciwo ba ne. Ƙauna ce.

Mu Hausawa in namu ya kwanta, jinya a wurinmu ita ce a hana shi ɗaga ko da tsinke. A kawo masa ruwan alwala har gado, a ba shi abinci a baki, in ya motsa a ce sannu, kwanta. Ɗan da ya bar ubansa ya taka da kansa zuwa bayi, dangi sai su ce ba shi da tausayi. Ga wasu cututtukan wannan ba laifi. Ga wanda aka sauya wa bawul, kwanciyar nan ita ce ajalinsa.

Shekarar kullen korona ta koya min haka da zafi. Akwai wata Hajiya a Mando da aka dawo da ita daf da a rufe gari, aikinta ya yi kyau, likitocin ma sun yaba. Na fara zuwa ke nan aka hana fita, babu keke babu mota. Na riƙa bugo waya ina cewa a tayar da ita, a sa ta tari, 'ya'yan suna cewa to Sista, in sha Allahu. Ashe in ta ce musu ta gaji, sai su kasa musa mata, uwa ce. Kafin a sassauta, huhunta ya cika. Bawul ɗin yana aiki lafiya lau har ranar da ta cika. Na je gaisuwa na tarar da matashina a saman firji, ko ledarsa ba a cire ba. Na yi kuka a hanyar komawa gida, na kuma ce ba zan ƙara barin kunya ta kashe min majinyaci ba.

Bayan shekarar nan ne aka kira ni Badarawa wurin Alhaji Garba, tsohon direban babbar mota da ya daɗe da ajiye sitiyari. Bawul na saniya aka sa masa. Wadda ta zo ɗaukata ita ce babbar 'yarsa Hadiza, malamar makaranta, wadda ta ɗauki hutu takanas don jinyar uban. Na shiga ɗakin na tarar da shi cike da 'yan dubiya, kwanukan farfesu jere a bakin gado, taga a rufe kada iska ta taɓa shi. Shi kuma yana kwance ya juya wa kowa baya. Na saurari ƙirjinsa, bawul yana bugawa tsaf, amma ƙasan huhun ya fara jiƙewa, irin sautin da na sani kuma nake tsoro.

Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na ce Baba za mu ɗan tashi zaune. Ya ce in Allah ya kai mu gobe. Washegari ma haka. Hadiza kuwa tana tsaye a kaina kamar kaza mai 'ya'ya, da na miƙa hannu sai ta ce Anti a bar shi ya huta, jiya bai yi barci ba. Na yi mata bayani, ta ce ta gane, amma idonta na kan uban. Ban ga laifinta ba. Ita ta ga ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, ita ta zauna a bakin ɗakin tiyata.

Ran nan na zo da hantsi, 'yan dubiya ba su fara zuwa ba, Hadiza ta shiga kicin. Na tambaye shi abin da yake so ya koma yi in ya warke, don ina tambayar kowa haka. Wasu su ce kasuwa, wasu gona, wasu ɗaukar jika. Shi kuwa sai ya tura hularsa baya ya nuna min goshinsa da yatsa.

"'Yar nan, me kika gani a nan?"

Na ce ban ga komai ba.

"To shi ne. Da akwai tabo. Tun ina saurayi yake nan, ban neme shi ba, ban kuma taɓa kula da shi ba sai da ya tafi. Shekara biyu ke nan a kujera nake salla, in na sunkuya numfashi ya ɗauke. Na san ta karɓu, malamai sun gaya min. Amma goshina yana kewar ƙasa. Na yarda aka tsaga ni don in koma sujada, yanzu ga shi ko juyi sai an juya ni."

Na ce masa zai koma, in dai zai tashi. Ya ce kowa haka yake faɗa, ya mayar da fuskarsa bango. A ranar na san abin da muke nema, amma ban san ta inda zan kama shi ba, huhun kuma ba ya jira.

A bakin Hadiza na samu hanyar, ba da saninta ba. Tana raka ni sai ta ce in yi haƙuri da shi, haka mutanen Kano suke da taurin kai, shekara hamsin a Kaduna amma har yau gurasa sai ta can. Ni kuwa haifaffiyar Zariya ce, cikin ganuwa. Kun san abin da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi: wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da ka faɗa ba a riƙe ka. Abin da 'yarsa ba za ta iya gaya masa ba, abin da nas mai ladabi ba za ta iya ba, Bazazzagiya tana da lasisinsa.

Washegari na shiga ban durƙusa ba. Ɗakin da mutane, har da abokansa tsofaffin direbobi. Na ajiye jakata na ce ashe shi ya sa, sai jiya aka gaya min Bakano ne, da na sani da ban wahalar da kaina ba. Na ce Bakano in ba ciniki ya gani ba ai ba ya tashi, a kawo masa gurasa da ƙuli a gado ya ci ya koma barci. Na ce an yi asarar saniya, da Bazazzagi aka sa wa bawul ɗin nan da yanzu yana tashar Kawo yana lodi.

Hadiza ta zaro ido, na ga ranta ya ɓaci sosai. Sai ga Alhaji Garba yana juyowa a hankali, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido.

"Daga ina aka samo wannan?"

Na ce daga Zariya, gidan iyayen gijinsa.

"La ilaha illallahu. Hadiza, duk nas ɗin da ke garin nan ki rasa wadda za ki kawo min sai baiwata?"

Abokansa suka fashe da dariya, shi ma ta kufce masa. Dariyar ta ja tari, ya firgita ya kama ƙirji, na yi maza na cusa masa matashin na ce matse, Bakano, matse kamar jakar kuɗinka. Ya matse, ya yi tari mai ƙarfi, abin da ya kwana biyu a huhun ya fito. Ya duba ƙirjinsa ya ga bai farke ba. Kafin in tafi ranar sai da ya zauna a bakin gado ƙafafunsa a ƙasa, wai don kada baiwa ta je Zariya ta ba da labarinsa.

Hadiza ta tare ni a zaure. Ta ce ita ba ta saba jin ana yi wa mahaifinta haka ba, ko da wasa ne. Na ba ta haƙuri, sannan na ba ta labarin Hajiyar Mando da matashin da ke saman firji. Na ce mata ni ba zan kwana a gidan ba, ita za ta kwana, kuma in ta ci gaba da yi masa komai to da hannunta za ta kwantar da shi kwanciyar da ba tashi. Magana ce mai nauyi, na sani. Ta yi kuka, ta ce to ita me za ta yi, ta tsaya tana kallo yana wahala? Na ce a'a, ta tsaya a bayansa, hannuwanta a buɗe, kada ta taɓa shi sai in zai faɗi. Duk cikin aikin nan babu abin da ya kai wannan wuya, ku ma za ku gani.

Daga nan muka fara. Bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, ƙofar ɗaki zuwa zaure, zaure zuwa dakalin ƙofar gida. Ina gaba ina tsokanarsa, yana ramawa, da haka nake auna numfashinsa, don muddin yana iya ƙarasa zagin Zage-zagi to zuciyar ba ta gaji ba. Hadiza na baya tana cije leɓe. Aka buɗe taga, aka rage 'yan dubiya, farfesun ma na sa aka rage masa gishiri, ya ce wannan mugunta ce irin ta mutanen Zariya. Ba kullum ake samun ci gaba ba. Akwai makon da bugun zuciyarsa ya rikice, ƙafa ta sake kumbura, muka koma wurin likita aka gyara masa magani, ya dawo jiki a sanyaye ya ce shi ya haƙura da kujerar. Ranar ban tsokane shi ba, don wasa ma yana da ranarsa. Hadiza ce ta ɗauko takalmansa ta ajiye a gabansa, ta ce Abba, zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Ya dube ta ya ce ita ma an saye ta, ya zura ƙafa.

Sujada ba a gaggawarta. Mai tashi daga ƙasa da hannu yake dafawa, nauyin kuma a ƙashin ƙirji yake sauka, don haka sai da likita ya duba ya ce ƙashin ya haɗe sannan na yarda. Ko a nan ma ba ƙasa muka nufa kai tsaye ba. Na sa ya riƙa durƙusawa a gaban kujera yana tashi da ƙarfin cinya. Da ya iya, muka tara matasan kai a kan darduma, ya riƙa sunkuyawa yana ɗora goshi a kansu, ba a cikin salla ba, gwaji kawai. In ya yi kwanaki babu jiri babu haki, sai mu zare ɗaya. Haka tulin ya yi ta raguwa har ya rage saura ɗan matashina na tari, wanda duk ya yi laushi saboda matsa.

Ranar da muka zare shi, la'asar ce ta same ni a gidan. Ya yi alwala da kansa a tsakar gida, ya shiga ɗaki, ya ture kujerar sallar gefe da ƙafa. Ni da Hadiza muna bakin ƙofa. Ya yi kabbara, ya yi ruku'u, ya ɗago, sannan ya tafi ƙasa a hankali, gwiwa, hannu, goshi. Ya daɗe a wurin. Ya daɗe har Hadiza ta yunƙura za ta shiga, na riƙe mata wuyan hannu. Ina kallon bayansa yana hawa yana sauka daidai, kafaɗunsa ne kawai ke rawa, na san kuka ne, ba zuciyar ba ce. Can muka ji Allahu akbar, ya ɗago da kansa ya zauna. Hadiza ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan, na ɗauki jakata na fita tun bai sallame ba, don ba na son Bakano ya ga hawayena.

To kun ji abin da nake nufi in na ce aiki ya yi kyau. A takardar likita za a rubuta cewa bawul na aiki, majinyaci na raye. Hajiyar Mando ma bawul ɗinta na aiki. Ku riƙa tambayar tsoho abin da yake so ya koma yi, ku kuma nemo bakin da zai ji, don kowa da nasa. Wani lallashi, wani tsawa, wani sai an kira jikarsa ta ce masa mijin banza ya kasa tashi.

Na daina zuwa Badarawa, wasu tsofaffin suka shigo hannuna. Sai bayan damina ta wuce, ina zaune a asibitin da nake taimakawa yanzu, aka ce wani dattijo na sallama da ni, wai a ce wa baiwarsa ta fito. Na same shi tsaye a baranda, ya ƙi zama, ya ce daga bakin titi da ƙafa ya ƙaraso. Hadiza na bayansa, hannuwanta a naɗe cikin mayafi. Bayan mun gaisa ya waiga ya ga ba mai kallonmu, sai ya ɗan tura hular baya. Tabon ya dawo, bai yi duhu sosai ba tukuna, amma yana nan.

"Ba don alfahari na nuna miki ba," in ji shi, ya mayar da hular. "Likita ya dawo min da numfashi, ke kuma kin dawo min da ƙasa. Na ce bari in zo ki ga aikinki."

Na ce to tunda ya warke a dawo min da matashina, akwai masu jira. Ya ce wane matashi, shi bai san zancen ba, abin da baiwa ta mallaka ai na ubangidanta ne. Hadiza ta raɗa min cewa yana nan a gefen dardumarsa, ba ya bari ko jikoki su taɓa.

Na koma Abakpa na sa tela ya ɗinka min wani.